Filin Tambayoyinku: Sukari Ya Narke a Wuta, Gishiri Ya Ƙi

Wasiƙun da suka taru a wannan watan sun zo daga mutanen da sana'o'insu ba su da kama da juna, amma da na baje su a kan tebur sai na ga duk ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa, wato dalilin da ya sa wani abu ke da tauri wani ke da laushi, wani ya narke wani ya ƙi, wani ya lanƙwasu wani ya farfashe. Saboda haka na haɗa biyar daga ciki a wuri ɗaya, domin amsar kowacce tana taimaka wa ta kusa da ita.

Tambaya: Ni mai yin alewa ce a Katsina. Idan na zuba sukari a busasshiyar tukunya na ɗora a wuta, yakan narke ya yi ja, in na yi sake kuma ya ƙone ya yi baƙi. Ran nan yarinyata ta yi kuskure ta zuba gishiri a madadinsa, har tukunyar ta fara hayaƙi gishirin yana nan yadda yake, sai ɗan tartsatsi da yake yi. To ga shi dukansu farare ne, dukansu kuma suna narkewa a ruwa. Mene ne bambancinsu?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Zan fara da wani tarko da harshenmu ya ɗana mana, domin kalmar narkewa ɗaya muke amfani da ita ga abubuwa biyu da ba su da dangantaka sosai. Narkewar abu a wuta daban, narkewarsa a cikin ruwa daban, kuma gishiri shi ne babbar shaida a kan haka.

Kowane abu da muke taɓawa an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, waɗanda masana ke kira atam, kuma kowane atam yana da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki da ke kewaye da shi, su ne ilektaron. Duk wani ɗauri da ke tsakanin atam da atam a kan waɗannan ilektaron ake ƙulla shi, ko dai wani ya ba wani kyauta, ko su yi tarayya a kansu. Gishiri haɗin abu biyu ne, sodiyam da kulorin. Sodiyam shi kaɗai ƙarfe ne mai laushin da wuƙa ke yanka shi, wanda in aka jefa shi a ruwa yakan yi ta tafarfasa har ya iya kama wuta, kulorin kuwa iska ce mai guba. Idan suka haɗu, kowane atam na sodiyam yakan miƙa ilektaron ɗaya ga kulorin, sai wanda ya bayar da wanda ya karɓa su zama masu caji kishiyoyin juna, kishiyoyin caji kuwa jan juna suke yi da ƙarfi. Abin lura shi ne ba biyu-biyu suke rungumar juna su koma gefe ba. Kowane sodiyam kulorin shida ne ke kewaye da shi, kowane kulorin ma sodiyam shida ne ke kewaye da shi, haka jerin yake tafiya sama da ƙasa, gabas da yamma, har ƙarshen ƙwayar gishirin. Wasu masana biyu a Ingila, uba da ɗansa, William Henry Bragg da William Lawrence Bragg, su ne aikinsu da hasken eksire ya bayyana wannan jeri a shekarar 1913, aka kuma ba su lambar Nobel a 1915. Idan kika sami gilashin ƙara girma kika duba gishirin tebur, za ki ga yawancin ƙwayoyinsa 'yan akwatuna ne masu kusurwoyi daidai, wannan kuwa siffar jerin cikin ce ta bayyana a waje.

Kafin gishiri ya narke a wuta, sai zafin ya kai ya girgiza wannan jeri gaba ɗayansa, abin da ba ya faruwa sai a digiri 801 na ma'aunin Salshiyas. Tukunyar alminiyam kuwa a digiri 660 take narkewa, ke nan da yarinyar ta ci gaba da iza wuta har abin ya kai ga haka, tukunyar ce za ta riga gishirin zubewa. Tartsatsin da kika ji kuma ɗan ruwa ne da ya maƙale a cikin ƙwayoyin tun lokacin da gishirin ke bushewa, da ya ji wuta ya zama tururi sai ya fasa ƙwayar ya fice.

Sukari ginin wani iri ne. Atam 45 ne ke haɗuwa, 12 na kabon, 22 na haidirojin, 11 na oksijin, su ɗaure juna ta hanyar tarayya a kan ilektaron, su zama dunƙule guda mai cin gashin kansa da ake kira molekul. Wannan ɗaurin tarayya, wanda Ba'amurke Gilbert Lewis ya yi bayaninsa a 1916, yana da ƙarfi ƙwarai, to amma ƙarfin a cikin dunƙulen ya tsaya. Tsakanin dunƙule da maƙwabcinsa ɗan riƙo ne mai rauni, shi ya sa da zafi ya kai wajen digiri 186 sai dunƙulen su saki juna su fara malala. A daidai nan kuma shi kansa dunƙulen yakan fara wargajewa, ya sake haɗuwa ta wasu siffofi, daga nan ne jan launi da ƙanshin alewarki ke fitowa. In aka wuce gona da iri, haidirojin da oksijin su tashi a matsayin tururi, a bar ki da baƙin kabon manne a gindin tukunya.

A cikin ruwa labarin ya sauya, domin ba zafi ne ke aikin ba, ruwan ne da kansa. Molekul na ruwa yana da ɓangare mai ɗan caji irin wannan da ɓangare mai ɗan caji irin wancan, saboda haka yakan yi wa sodiyam da kulorin taron dangi, ya zare su ɗaya bayan ɗaya daga jerinsu, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sukari kuwa ruwa ɗaukar dunƙulensa yake yi sukutum, bai fasa shi ba. Wannan ne ya sa ruwan gishiri ke ɗaukar wutar lantarki, tunda akwai masu caji da ke yawo a ciki, ruwan sukari kuwa bai ƙara komai ba ta wannan fuska.

Tambaya: Ni ɗalibin sakandare ne a Maraɗi. Malaminmu ya ce lu'ulu'u da bakin fensir da gawayi duk abu ɗaya ne. Na rubuta don in ci jarrabawa, amma zuciyata ba ta amince ba.

Amsa: Ɗana, rashin amincewarka ya fi mini rubutun da ka yi, kuma malaminka gaskiya ya faɗa. Masana ma sai da suka ƙona lu'ulu'u kafin su yarda. Bafaranshe Antoine Lavoisier ya yi haka a shekarun 1770, sannan Smithson Tennant na Ingila ya nuna a 1797 cewa idan aka ƙona lu'ulu'u da gawayi masu nauyi ɗaya, iska iri ɗaya suke bayarwa, kuma adadi ɗaya. Dukansu kabon ne, sai dai gawayi yana ɗauke da toka da sauran tarkace, jerinsa kuma a hargitse yake.

A cikin lu'ulu'u, kowane atam na kabon yana riƙe da wasu huɗu da ɗaurin tarayya, su ma kowannensu yana riƙe da huɗu, ta kowace fuska, babu inda ginin ya yanke. Za ka iya cewa dutsen gaba ɗayansa molekul guda ne. Duk wanda yake son ya karce shi, sai ya tsinka ɗaurin tarayya na gaske, ba ɗan riƙon da ke tsakanin dunƙulen sukari ba, shi ya sa yake a mataki na 10, ƙololuwar ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, shi ya sa kuma masu yankan gilashi da masu haƙar rijiyar burtsatse ke amfani da shi a bakin kayan aikinsu. Sai dai kada ka ɗauki tauri a matsayin rashin fashewa, domin guduma tana iya fasa lu'ulu'u idan ta same shi ta fuskar da ta dace.

Bakin fensir, wanda sunansa girafayit, kowane atam a cikinsa uku kawai yake riƙewa, sai su shimfiɗu kamar tabarma mai saƙar gidan zuma, kusurwa shida-shida. Ita tabarmar tana da ƙarfin gaske, amma tabarmi ne aka jibga wata a kan wata, abin da ke riƙe da su kuma ba shi da ƙarfi. Lokacin da kake rubutu, tabarmin nan ne ke zamewa suna kwanciya a kan takarda. Masu yin fensir suna cuɗa girafayit da yumɓu su gasa, idan yumɓun ya yi yawa fensirin ya yi tauri rubutunsa ya yi haske, in ya yi kaɗan ya yi laushi da baƙi, ma'anar haruffan H da B da kake gani a jikinsa ke nan. Ilektaron na huɗu da kowane atam bai ɗaure da shi ba kuma sakakke ne, yana yawo a faɗin tabarmar, saboda haka girafayit yana ɗaukar lantarki alhali lu'ulu'u ba ya ɗauka. Duk yaron da ya taɓa fasa tsohon batirin rediyo ya ga baƙin sandan da ke tsakiyarsa, shi ma kabon ne, wannan aikin yake yi.

A shekarar 2004 wasu masana biyu a Jami'ar Manchester, Andre Geim da Konstantin Novoselov, sun yi ta ɓare girafayit da salatif har suka sami tabarma ɗaya tak mai kaurin atam guda, wadda ake kira girafin, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 2010. Idan kana son wani misalin da za ka juya a ranka, duba yashi da kabon dayoksaid, iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi. Kowannensu atam ɗaya ne da oksijin biyu a lissafi, silikon a yashi, kabon a iskar, kuma silikon da kabon 'yan gida ɗaya ne a jadawalin sinadarai. Amma na kabon ƙananan dunƙule ne masu zaman kansu, sai ya zama iska, na silikon kuwa gini ne marar yankewa irin na lu'ulu'u, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,700.

Tambaya: Ina sayar da mai a kasuwa a Gusau. Da hunturu ya shigo manja da man kaɗanya sukan daskare, har sai na shanya jarka a rana kafin in auna, man gyaɗa kuwa yana nan ruwa. Wasu masu saye suna cewa wanda ya daskare haɗi aka yi masa. Haka ne?

Amsa: Malam, daskarewar manja a lokacin sanyi ba shaidar algus ba ce, ɗabi'arsa ce, kuma kana iya faɗa wa masu sayenka haka da ƙwarin gwiwa. Kowane mai na girki molekul ɗinsa yana da jela uku, kowace jela kuma doguwar sarƙar kabon ce, galibi mai atam 16 ko 18. Wata jelar a miƙe take sambal, wata kuma tana da gwiwa a tsakiya, a inda atam biyu na kabon suka yi ɗauri ninki biyu. Ka ɗauki misalin kara: miƙaƙƙen kara yana ɗauruwa dami guda tsam, amma karkatattun rassa ko ka matsa su sai sun bar sarari. Miƙaƙƙun jeloli suna kwanciya jikin juna, ɗan jan da ke tsakaninsu ya taru ya yi yawa, sai man ya daskare da wuri. Masu gwiwa ba sa samun wannan kusanci, sai su ci gaba da zamewa.

Manja kusan rabinsa miƙaƙƙun jeloli ne, shi ya sa yake zama a kan iyaka, har ka ga jarka ɗaya ta rabu biyu, sama ruwa ƙasa daskararre. Man kaɗanya ma yana da miƙaƙƙun da yawa, ga su kuma dogaye, saboda haka yake zama curi a cikin ƙwarya amma ya narke da an murza shi a tafin hannu, domin zafin jikin mutum ya kusa isarsa. Man gyaɗa kuwa mafi yawan jelolinsa masu gwiwa ne. Shi ma ba ya fi ƙarfin sanyi ba ne, in ka sa shi a firji za ka ga ya yi gajimare ya yi kauri, sanyin hunturunmu ne dai bai cika kaiwa can ba.

Tsawon sarƙa ma yana da nasa tasirin, kuma gidan mai ya ishe mu misali. Gas na girki sarƙarsa kabon 3 ko 4 ce, riƙon da ke tsakanin molekul ɗinsa kaɗan ne, sai an matse shi a tukunya yake zama ruwa. Fetur ya fi shi tsawo, ya zama ruwa mai saurin tashi, kananzir ya fi fetur, gas na manyan motoci ya fi kananzir, har a kai ga kakin kyandir mai kabon ashirin da wani abu zuwa sama, wanda yake a daskare. Matatar mai da wannan bambancin take rarraba ɗanyen mai, kowane kaso da zafin da yake tafasa.

Tambaya: Kwalbar zoɓo ta fashe mini a cikin firiza. Na san sanyi tsuke abu yake yi, to me ya kumbura ta? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Yola.

Amsa: Malama, ruwa ne ya saɓa wa al'adar yawancin abubuwa. Kowane molekul na ruwa yana iya kama maƙwabta huɗu da wani riƙo da ake kira ɗaurin haidirojin, wanda bai kai ɗaurin tarayya ƙarfi ba amma ya fi riƙon da ke tsakanin molekul na fetur nesa ba kusa ba. A ruwan da ke gudana, riƙon yana ƙulluwa yana kwancewa, molekul suna cusuwa jikin juna. Da ya daskare sai kowanne ya tsaya a muhallinsa, su yi jeri mai ramuka a tsakani, girman ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Ruwan da aka cika kwalba da shi har wuya ba shi da inda zai sa wannan ƙarin, sai gilashin ya biya. Dalilin da ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa ke nan.

Ba don wannan ɗaurin ba, da ruwa bai zama ruwa a ƙasarmu ba. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai siffarta kusan ɗaya da ta ruwa, farar wuta ce kawai ta maye gurbin oksijin, ta ma fi ruwa nauyi, amma tana tafasa ne a wajen digiri 60 ƙasa da sifiri, ruwa kuwa sai 100. Sanyin ruwan randa ma daga nan yake, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu ba ya tashi sai ya tsinka wannan riƙo, zafin da zai yi hakan da shi kuma daga ruwan ciki yake ɗiba. Nan gaba ki riƙa barin sararin yatsu biyu ko uku a wuyan kwalbar.

Tambaya: Ni maƙeri ne a Zariya, na gaji sana'ar. Ƙarfe ina dukansa ya miƙe, amma kantun gishiri ko gilashi bugu ɗaya sun tarwatse. Kuma tsohuwar tukunyar ƙarfen zubi in ta faɗi fashewa take yi, alhali ita ma ƙarfe ce.

Amsa: Ranka ya daɗe, Malam, abin da zan faɗa hannunka ya riga bakina saninsa. A cikin ƙarfe, atam ba sa miƙa ilektaron ga wani takamaimai, ba sa kuma yin tarayya biyu-biyu. Kowanne yana sakin nasa na waje ne su zama na kowa, kamar tafki guda da duk atam ɗin ke zaune a ciki. Idan ka sauke guduma, wani layin atam yakan gusa a kan wani, amma duk inda ya tsaya tafkin yana nan yana riƙe da shi, sai siffa ta sauya ba tare da ɗaurin ya tsinke ba. Zinariya ta fi kowa wannan hali, giram ɗaya ana iya buga shi ya zama fallen da ya kusa murabba'in mita guda. A kantun gishiri kuwa, da layi ya gusa taki ɗaya sai masu caji iri ɗaya su fuskanci juna, su ture juna, ya tsage. Gilashi ma ɗaurinsa na tarayya ne mai fuska ƙayyadajjiya, ba shi da layin da zai zame, sai dai ya karye. Sakakkun ilektaron ɗin nan su ne kuma ke ɗaukar lantarki a wayar jan ƙarfe, su ne ke kai zafi daga bakin ƙarfen da ke cikin wuta zuwa inda ka riƙe, abin da ya wajabta maka awartaki.

Ƙarfe zalla yana da ɗan laushi, baƙon atam ne ke taurara shi, domin yana tsayawa a tsakanin layuka kamar tsakuwa a ƙarƙashin ƙofa, ya hana su zamewa. Ƙarfen da ake wuƙa da lauje da shi yana da ɗan kabon, bai kai kashi 2 cikin 100 ba, galibi ma ƙasa da kashi 1. Ƙarfen zubi kuwa kabon ɗinsa ya kai kashi 2 zuwa 4, har wani ya taru a ciki ya zama ɓarɓashin girafayit, irin na bakin fensirin da na yi wa ɗalibin Maraɗi bayani, kowane ɓarɓashi kuma tamkar tsaga ce da ke jiran bugu. Wannan ne ya fasa tukunyar.

Lokacin da ka tsoma ƙarfen da ya fito daga wuta jawur a ruwa ya yi ƙara, hana kabon ɗin sukunin komawa inda ya saba ka yi, sai ya maƙale a cikin jerin ya takura shi, bakin wuƙar ya yi tauri amma ya zama mai saurin ɓallewa. Ɗan ɗumin da kake sake ba shi daga baya, kana kallon launin da ke bi ta jikinsa daga ruwan ƙasa-ƙasa zuwa shuɗi, sassauta wannan takurar ne daidai gwargwadon aikin da kayan zai yi, na aska daban, na gatari daban.